Wai mai bi na gaske ba ya ciwon damuwa

Kun dai ga bidiyon faston nan da ke wa'azi a coci kan ciwon damuwa, ba sai na sake ɗora shi ba. Tun daren Lahadi mutum huɗu suka turo min shi, biyu suna neman ra'ayina, biyu kuma da "amin" a ƙarƙashinsa. Na so in yi shiru, amma abin ya tsaya min a wuya.

Wai ɗan Allah ba ya ciwon damuwa. Wai duk mai shan ƙwayar likitan ƙwaƙwalwa ya raina jinin Yesu. Aka kira baiwar Allah gaban jama'a, aka sa ta zazzage magungunanta a gaban bagade, aka bi da takalmi aka murƙushe, jama'a na tafi. Madalla. Sannu da aiki, Baba Fasto, an gama da Shaiɗan, ashe dama a cikin kwalin magani yake ɓoye.

To Baba, tabaraun da ke fuskarka kana wannan wa'azin fa, na ado ne? Ai Yesu ya buɗe idon makafi. Cire shi ka ajiye a ƙasa, mu tattake maka, mu yi tafi. Haka ma maganin hawan jinin da rabin dattawan da ke zaune a bayanka suka haɗiya kafin su fito sujada. Ban taɓa jin an ce wa mai ciwon suga bangaskiyarsa ce ta yi ƙasa ba. Ido ya raunana, a ce tsufa ne. Ƙoda ta gaza, a haɗa gudummawa. Amma ƙwaƙwalwa ta gaji, nan take kowa ya zama mai gane aljanu.

Ciwon damuwa ciwo ne. Zan yi ta faɗa har ku gaji da ni.

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19, tunda mu masu son aya ne. Iliya ne fa, wanda ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a wuta ta sauko. Ba a daɗe ba sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙo cewa za ta kashe shi, sai ga shi a jeji, a gindin wata bishiya, yana cewa ya isa haka, Ubangiji ya ɗauki ransa, bai fi kakanninsa ba. Annabi ne ke roƙon mutuwa. Da a cocin nan namu ne, da an dakatar da shi, an ba shi azumin kwana bakwai, an fara binciken zunubin da ya ɓoye. Me Allah ya yi? Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga gurasa, ga tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sake kwanciya, ba wanda ya ce masa malalaci. Aka sake tashinsa ya ci, aka ce tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka zauna maganar abin da ke damunsa, a can ma da murya mai laushi. Aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ba shi kaɗai ya rage ba, aka kuma haɗa shi da Elisha. Ku nuna min inda aka tsawata masa don ya karaya. Ina jira.

Na san za a jefo min Filibiyawa 4:4, ku yi farin ciki cikin Ubangiji kullum. Na haddace ta tun ina ƙarama, na gode. Bulus ɗin da ya rubuta ta shi ne ya gaya wa Korantiyawa cewa a Asiya an matsa musu fiye da ƙarfinsu har suka fid da rai da rayuwa. Shi ne kuma ya ce ku yi kuka da masu kuka. Ku daina tsinto aya ɗaya kuna duka da ita kamar bulala. Zabura 88 tana nan cikin Littafi Mai Tsarki, ta fara da kuka, ta ƙare da duhu, ba ko "halleluya" ɗaya a ƙarshenta, kuma ba wanda ya cire ta. A Getsamani Ubangijinmu da kansa ya ce ransa na cikin baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙi abokai uku su zauna tare da shi. Wa zai ce masa bangaskiya ta gaza?

Wani kuma zai ce cutar zamani ce, ta masu hutu da yawan kallon waya. To Ayuba wace waya yake kallo da ya la'anci ranar haihuwarsa? Irmiya fa? Charles Spurgeon, wanda masu wa'azi da yawa ke kwafar maganganunsa ba su ma ambaci sunansa, yana da shekara 22 a 1856 wani ya yi ihun gobara a zauren da yake wa'azi a Landan, aka yi turmutsitsi, mutum 7 suka mutu. Damuwa ta bi shi har ƙarshen ransa, kuma bai ɓoye wa ɗalibansa ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo da kusan miliyan 280. Ana so in yarda ba mai bi ko ɗaya a cikinsu?

Bari in ajiye ba'a, don abin ya taɓa ni a jika. Bayan haihuwata ta biyu na yi wata takwas a cikin wannan rami. Ban daina addu'a ba, ban daina zuwa sujada ba. Akwai safiyar Lahadin da na zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, har aka tashi daga coci ban iya sa na biyun ba. Jaririya na kuka, ina jinta kamar daga gidan maƙwabta. Wata 'yar'uwa ta ce in binciki kaina ko akwai wanda ban yafe wa ba. Na bincika har na rasa abin tuba, sai na fara tuba kan cewa ina raye. Wadda ta cece ni wata tsohuwa ce a ikilisiyarmu. Ta shigo, ta dube ni, ba ta buɗe Littafi ba. Ta goya jaririyar, ta wanke kwanukan da suka kwana uku, ta ce, "'Yata, tashi ki ci, ki kwanta. Gobe ni zan raka ki asibiti." Na ce, "Mama, me za a ce da ni?" Ta ce, "A ce da ni, ni na kai ki." A layin ganin likita tana riƙe da hannuna tana addu'a a hankali.

Shi ya sa nake cewa ciwo ne. Baƙin ciki kowa na yi, ya zo ya wuce. Amma idan mutum ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum zuciya a dagule, abin da yake so a da ya fita ransa, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, yana ganin kansa ba shi da amfani, wannan na likita ne. In har ya fara zancen gara ya mutu, ranar za a kai shi, ba a jira taron addu'ar Laraba. Maganin nan kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kuma yanke shi farat ɗaya na kawo jiri, rashin barci, ciwon ya dawo da ƙarfi. Abin da aka yi wa baiwar Allah nan ke nan ana tafi. Cikin masu tafin wa zai kwana kusa da ita mako mai zuwa?

Kada wani ya ce na hana addu'a. A yi addu'a, a kuma sha magani. Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus ma ƙaunataccen likita ya kira shi. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai zaune da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, lafiya lau. Da suka buɗe baki suka fara lissafa masa zunubi, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Sannan ku masu ɗaukar hoto a coci, wa ya ba ku izini ne wai? Mutum ya durƙusa yana kuka gaban Mahaliccinsa, kun kafa masa waya a hanci, kafin a yi addu'ar rufewa fuskarsa ta zagaya Facebook da TikTok, har da kiɗa a ƙasa. Ranar nan ina addu'a na buɗe ido sai ga wani yaro tsugune gabana yana gyara haske. Na ce masa ya matsa, wai shi aikin Ubangiji yake yi. Duk wanda ya sake sa ni a bidiyo ban sani ba, za mu haɗu a ƙofar coci.