Google Scholar ya nuna maka littafi, wa zai miƙo maka shi?

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin wasu malamanmu a nan Katsina: wai tun da intanet ta zo, aron littafi tsakanin laburaren jami'a da wani ya zama tsohon yayi. Ni dai ban yarda ba.

A da, abin da ke kan kanta a laburarenku shi kaɗai ka sani. Tun da Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi a intanet, ya fito a 2004 idon ɗalibi ya buɗe. Mai digiri na biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam zai buga kalma biyu a waya, maƙaloli su zubo masa. Ya latsa, a nuna masa 'yar taƙaitawa, sauran kuwa sai ya biya da dala. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ke nan buƙatar abin da laburarenka ba shi da shi ƙaruwa ta yi.

A ɓangaren mujallu an samu sauƙi, ba musu. Rumbunan mujallu na intanet irin su JSTOR da AJOL, da HINARI na fannin lafiya, da AGORA na aikin gona, sun rage wahala ƙwarai, ko da yake ɗalibai da yawa sukan gama karatu ba su taɓa tambayar ma'aikacin laburare yadda ake shigarsu ba.

To amma mai binciken tarihin Katsina ko Daura fa? Ko mai nazarin waƙoƙin ajami? Abin da yake nema yana cikin tsofaffin kundayen digiri a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ko Jami'ar Bayero, ko cibiyar tarihi ta Gidan Arewa (Arewa House), ko rahotannin Turawan mulkin mallaka a gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ta fara fita. Je ka nemo tsofaffin fitowarta a waya mu gani. Sai a ba ɗalibi takardar gabatarwa ya nemi kuɗin mota, ya bi hanyar Funtuwa da addu'a a baki. Matar aure mai goyo kuwa, sau da yawa canza taken binciken take yi kawai.

Abin da ya maye gurbin aron a yau WhatsApp ne. “Don Allah wa ke Samaru? A ɗauko min hoton babi na biyu.” Hoton ya zo a karkace, babban yatsan mai ɗauka ya rufe rabin sakin layi, lambar shafi ta yanke. Da shi za a rubuta kundi. Wanda ba shi da kowa a can kuma sai dai haƙuri.

Wannan aikin laburare ne, ba na abokai ba. Jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da manyan makarantun Daura su haɗa jerin littattafansu wuri guda a intanet, kowa ya san me ke hannun maƙwabcinsa. Kowane laburare ya ware ma'aikaci ɗaya da na'urar sikana, a ƙulla yarjejeniya da Zariya da Kano: a nemi babi, a turo shi ta imel cikin mako. Littafin ma ba sai ya motsa ba. In kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na iya tayar da bene, zai iya sayen sikana da biyan kuɗin data.