Kada Ku Ce Ta Nuna Alhali Ɗanya Ce

'Yan uwana matasa masu ƙera manhajojin kiwon lafiya, don Allah ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai haɗa manhaja cikin wata uku, ya gwada ta a wayoyin abokansa goma, washegari ka ji yana shelar cewa ta isa shiga asibiti. Rayukan mutane ne fa a hannunku.

Ma'auni kuwa akwai shi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora wadda ta kasa girman irin wannan fasaha zuwa matakai 6: tun tana tunani a kan takarda, sai samfurin farko, sai ɗan gwaji a ƙaramin wuri, sai gwaji mai faɗi, sai yaɗawa, sai ranar da za ta zauna da gindinta cikin tsarin lafiyar ƙasa. Kowane mataki da tambayarsa. A farko ana tambaya ne ko tana aiki, ko ma'aikaciyar jinya za ta iya sarrafa ta ba tare da kana tsaye a kanta ba. Can gaba tambayar ta yi nauyi: shin marasa lafiya sun samu sauƙi saboda ita? Nawa take ci? Wa zai gyara ta ran da kuɗin tallafi ya ƙare? Yawan waɗanda suka sauke manhajarka bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ku dubi abin da ya faru da Google a ƙasar Tailan. Sun ƙera manhajar da ke gano illar ciwon suga a ido daga hoto, kuma a ɗakin bincike ta yi abin yabo. Da aka kai ta asibitoci, sai ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan, saboda hasken ɗakunan bai kai yadda ta saba ba. Ga intanet na tafiyar hawainiya, ga marasa lafiya na zaune suna jira. Masu binciken da kansu suka wallafa wannan a 2020, kuma ina ganin girmansu a kan haka ƙwarai. In kamfani mai wannan ƙarfi ya yi tuntuɓe tsakanin ɗakin bincike da ɗakin jinya, ina ga ni da ku?

Yuganda ma a 2012 sai da ta dakatar da sababbin gwaje-gwajen manhajojin lafiya na waya, don sun yi yawa, kowanne na cin gashin kansa.

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa. Saboda haka duk ran da za ka tsaya gaban likita ko mai zuba jari, fara da faɗin matakin da kake a kai, da adadin marasa lafiyar da aka gwada ta a kansu, da inda aka yi gwajin, da inda ta gaza. In a mataki na 2 kake, ka ce na 2, kafin a tambaye ka.