Zazzaɓin da status ya tona wa asiri

An sa ɗaurin auren 'yar Kawuna a Gusau ranar wata Asabar, ni kuma aljihu ƙaf, kun dai san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama sai mutum ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya doshi tasha, ga gudummawa ga ankon da uwargida ta ishe ni da mitarsa. Daren Juma'a na kira Kawu, na shaƙe murya kamar wanda ya kwana uku bai ga tuwo ba, na ce Kawu wallahi zazzaɓi ne ya kada ni, maleriya da taifot a haɗe. Ya ce subhanallahi, sannu ɗan nan, yi zamanka ka huta, Allah ya sa kaffara ne. Har na ɗan ji kunya. Kaɗan dai.

Da safe sai ga abokai, wai mu je dam ɗin Tiga shan iska, mota kyauta kifi kyauta. To ni wa ye da zan ƙi?

Ni fa ba baƙauye ba ne a harkar WhatsApp. Kafin in ɗora komai sai da na shiga wajen nan da ake ware waɗanda ba za su ga status ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya, Kawu, matansa biyu, Goggo, Inna, ƙannena masu bakin tsiya, har mai shagon layinmu na haɗa da shi tunda yana bi na kuɗin taliya. Mutum 17 cif. Sannan na ɗora hotona na rungumi gasasshiyar tarwada, baki duk mai da yaji, na rubuta a ƙasa "rayuwa kenan, maƙiya sai haƙuri".

Bayan kamar minti 20 na leƙa in ga su wa suka kalla, irin jin daɗin nan na banza. Ina gangarawa sai idona ya sauka kan wani suna: Kar A Ɗauka.

Jama'a, layin Kawu ne na biyu. Ni da hannuna na sa masa sunan nan shekarar da ya matsa min da kira kan kuɗin gyaran katangar gidan gado, na manta shaf, shi ya sa da nake neman masu suna Kawu bai fito ba. Kifin nan a take ya koma min kamar audugar katifa a baki. Na goge status ɗin jiki na rawa, ina cewa ƙila bai lura ba, ai tsoho ne, mutumin da har yau ni yake kira in faɗa masa yadda ake duba sauran data.

Ashe jikarsa na kusa. Kuma shi status in an yi masa sikirinshot ba ya sanar da kai, abin da na ɗauka zai ɓace bayan awa 24 sai ga shi a gurup ɗin dangi, mu sama da 60, ana tsaka da cin shinkafar biki. Kawu bai yi zagi ba, da ma zagin ya yi da ya fi min sauƙi. Layi ɗaya ya rubuta: "A taya mu yi wa mara lafiya addu'a, ga shi can asibitin Tiga ana masa ƙarin ruwa."

Sai amin amin ke shigowa, da sitika iri-iri. Wani ƙanina ya tambaya ko kifin sau uku ake sha a rana ko sau biyu. Goggo ta turo saƙon murya na minti 9, na sa shi a gudu biyu don ya ƙare da wuri, sai faɗan ya ƙara zafi, kamar ana yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Abin da ya fi ƙona ta ma ba ƙaryar ba ce, wai su wa nake nufi da maƙiya.

Uwargida kuwa ko uffan, kallona kawai take tana murmushi, ita da aka hana anko.

Ranar Talata direban motar Gusau ya kira ni wai in zo tasha akwai saƙo. Na je da zumuɗi ina zaton alkaki da dubulan ɗin biki ne. Rabin buhu ne na ganyen darbejiya, da 'yar takarda da rubutun Kawu: a yi sirace safe da yamma, a turo hoto gurup. Kuɗin dakon ma ni na biya.