Faɗuwar Texas a Columbus: an bar jaki ana dukan taiki

Tun daga yammacin Asabar 30 ga Agusta 2025, da Ohio State ta doke Texas da maki 14 da 7 a birnin Columbus, masu sharhin ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i suka yi wa Arch Manning, kwatabak na Texas, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, ca, kamar shi kaɗai ya shiga fili a ranar. Mutanen da suka kwashe watannin hutu suna zuzuta shi, suna cewa kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, tasa ce tun ba a buga wasa ko ɗaya ba, har wasu na kwatanta shi da Tim Tebow, tsohon gwanin jami'ar Florida, su ne yanzu a sahun gaba wajen cewa yaron ba shi da komai sai suna. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan saurin juya baya shi ne yadda ya samar wa kocin Texas, Steve Sarkisian, mafaka, domin tunda aka samu wanda za a ɗora wa jakar tsaba, kusan babu mai tambayar kocin da ke karɓar sama da dala miliyan 10 a shekara me ya sa ƙungiyarsa ke daskarewa duk lokacin da ta iso bakin layin ci.

Ba na cewa Manning ya yi wasa mai kyau, domin bai yi ba. Jifarsa ta farko a ƙasa ta faɗi kafin ta kai ga wanda aka nufa, kuma abin da ya biyo baya har ƙarshen zango na uku bai fi wannan armashi ba. Ya yi jifa 30, aka cafe 17, ya tara yadi 170, kuma mafi yawan yadin a zango na huɗu ya same su, lokacin da Texas ke bin maki 14 kuma dole ta saki jiki. Ƙwallon da Jermaine Mathews Jr. ya ƙwace masa a sama jifa ce da ya makara wajen sakinta, sannan ba ta da ƙarfin da za ta riga mai tsaron isa. A harin ƙarshe, da Ryan Wingo ya ratso tsakiyar fili babu kowa a jikinsa, Manning bai sa masa ƙwallon inda zai iya kamawa ba. Duk wanda ya sake kallon wasan zai ga inda aibin yake: ƙafafunsa ba sa zama kafin ya yi jifa, yana yawan sauke hannu ya yi wurgi daga gefe ba tare da wani ya matsa masa ba, kuma idonsa na daɗewa a kan mutum na farko kafin ya koma na biyu. Waɗannan kurakurai ne na gaske, shi ma da bakinsa ya amsa bayan wasan cewa abin da suka yi bai isa ba kuma daga kansa laifin ya fara.

Sai dai a auna wannan da ma'aunin da ya dace. Wannan ne karo na uku da ya fara wasa a matsayin kwatabak na Texas, kuma na farko a wajen gida. Biyun da ya fara a 2024, lokacin da Quinn Ewers, kwatabak na farko na ƙungiyar a wancan lokacin, ke jinya, da Louisiana-Monroe da Mississippi State aka yi su, duka a gida a Austin, a gaban magoya bayan da ke tafa masa ko da numfashi ya yi. Daga nan aka ɗauke shi aka kai shi gaban mutum sama da 100,000 a filin zakarun ƙasa, inda 'yan tsaron Ohio State, Caleb Downs da Sonny Styles da Arvell Reese, ke jiransa, kuma mai tsara musu tsaro, Matt Patricia, wanda ya yi shekaru yana tsara wa New England Patriots tsaro, yana canza masa siffar 'yan baya bayan an riga an sako ƙwallo. Huɗu daga cikin ƙattai biyar da suka yi wa Ewers garkuwa a 2024 sun tafi, ciki har da Kelvin Banks Jr. da New Orleans Saints ta ɗauka a matsayi na 9 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, gasar ƙwararru ta Amurka. Matthew Golden ya tafi Green Bay, Gunnar Helm ya tafi Tennessee, Isaiah Bond da Jaydon Blue ma ba sa nan. Wanda ya ga duk wannan gibin ya kuma sa Texas ta ɗaya a jadawalin AP, wato jerin ƙungiyoyi mafi ƙarfi da 'yan jarida ke fitarwa, kafin kaka, karon farko a tarihin jami'ar, shi ya kamata ya fara neman afuwa kafin ya buɗe baki a kan yaron.

Masu cewa sunan gidansu kawai ya kawo shi nan, don kakansa Archie ne kuma baffanninsa Peyton da Eli ne, ba su cancanci a tsaya musu ba, domin suna ba ya sa ƙwallo a hannun Parker Livingstone daga nisan yadi 32 kamar yadda ya yi saura minti 3 da daƙiƙa 28 a tashi, jifar da ta kawo wa Texas makinta. Masu cewa Ohio State ce kawai ta fi ƙarfi su ma ba su duba alƙaluma ba.

Texas ta tara yadi 336, Ohio State ta tara 203. Da gudu kaɗai Texas ta yi yadi 166, masu masaukinta suka yi 77. Julian Sayin, wanda shi ma ranar ya fara jagorantar Ohio State, yadi 126 kacal ya jefa, kuma 40 daga ciki a jifa ɗaya ce da Carnell Tate ya kama da ƙyar. 'Yan tsaron Texas sun riƙe Jeremiah Smith, wanda ake ganin babu mai cafe ƙwallo kamarsa a jami'o'in Amurka, bai yi abin a zo a gani ba. Ƙungiyar da ta yi duk wannan a gidan zakaru kamata ya yi ta koma da nasara. Abin da ya hana ta shi ne sau biyar ta gwada yunƙuri na huɗu, wato dama ta ƙarshe cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi 10 ko ta rasa ƙwallo, sau ɗaya kawai ta haye, kuma sau biyu ta shiga cikin yadi 10 na ƙarshe ta fito a tutar babu, a wasan da tazararsa maki 7 ce.

Na farkon shi ne wanda ya kamata a tsaya a kai. A zango na uku, Ohio State na gaba da 7 da nema, Texas ta yi doguwar tafiya mafi yawanta da gudu, ta isa yadi 1 daga layin ci a yunƙuri na huɗu. Sarkisian ya duba faffaɗar takardarsa mai cike da dabaru, ya zaɓi abin da kowane yaro a filin ya san za a yi, wato Manning ya dunƙule ya kutsa da ka ta tsakiyar ƙattai. 'Yan Ohio State sun riga sun cunkushe wurin kafaɗa da kafaɗa, suka shige ƙarƙashin 'yan garkuwar Texas, tarin jikkuna ya tsaya cik, alƙalai suka ba masu gida ƙwallo. Ba a jefa komai ba a wannan yunƙurin, ballantana a ce ƙafar kwatabak ba ta zauna ba ko idonsa ya makara. Wannan al'amari ne na tsari da na ƙarfin tura mutum, kuma dukansu biyu aikin koci ne.

Da a ce wannan ne karon farko, da sai a ce tsautsayi ne. Amma a ranar 10 ga Janairu 2025, a wasan Cotton Bowl da wannan Ohio State ɗin dai, Texas na bin 21 da 14 ta samu yunƙuri huɗu cif daga yadi 1. Na farko aka tare mai gudu a wurin. A na biyu Sarkisian ya sa aka wurga wa Quintrevion Wisner ƙwallo ta gefe, aka mayar da shi baya yadi 7. Na uku jifa ta lalace. A na huɗu Jack Sawyer ya fizge ƙwallon daga hannun Ewers ya gudu da ita yadi 83, aka tashi 28 da 14. A wancan daren abin da magoya bayan Texas ke ta tambaya shi ne me ya sa ba a sako Manning mai tsawo da gudu ba ya ci wannan yadi ɗayan. To ga shi an sako shi bayan wata bakwai da 'yan kai, kuma sakamakon bai canza ba.

A koma baya kaɗan. A wasan ƙarshe na gasar SEC, rukunin jami'o'in da Texas ke ciki, a Disambar 2024, Georgia ta rasa kwatabak ɗinta Carson Beck tun kafin hutun rabin lokaci, ta ƙarasa da Gunner Stockton wanda ba shi da wata gogewa, amma ta ci 22 da 19 bayan ƙarin lokaci, saboda Texas sau ɗaya tak ta tsallaka layin ci, sauran makinta duk bugun tsakanin sanduna ne, kuma gudunta gaba ɗaya yadi 31 ne. A Sugar Bowl na 1 ga Janairu 2024, Texas ta samu dama huɗu daga kusan yadi 12 a daƙiƙun ƙarshe, ba ta ci ba, Washington ta wuce da 37 da 31. Wanda ya daɗe yana bin wasan zai ma tuna Janairun 2018, lokacin da Sarkisian ke tsara wa Atlanta Falcons hari, aka ba shi yunƙuri huɗu daga yadi 9 a Philadelphia, yana da Matt Ryan da Julio Jones a hannu, aka tashi 15 da 10 Atlanta ta koma gida. Ryan, Ewers, Manning: majefa uku masu salo daban-daban, mai zaɓa musu abin da za su yi kuma mutum ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwarewar Sarkisian a buɗaɗɗen fili take. Yana motsa 'yan wasa kafin a sako ƙwallo, ya ruɗa masu tsaro, ya samar wa mai gudu sarari a bayansu, kuma a wannan fanni da wuya a samu wanda ya fi shi, kamar yadda ya nuna a Alabama a 2020 da Mac Jones da DeVonta Smith da Najee Harris. Amma idan aka iso yadi 5 na ƙarshe sararin ya ƙare, masu tsaro 11 duk suna cikin ɗan ƙaramin wuri, ba su da baya da za su ji tsoron a wuce su, kuma wayo ba ya aiki sai an haɗa shi da layin da zai iya ture mutum daga inda yake tsaye. A Alabama yana da irin wannan layin da irin wannan mai gudun, shi ya sa ba a ga aibin ba. A Texas, cikin shekara ta biyar da zuwansa, bai gina abin da zai dogara da shi a wannan wuri ba, shi ya sa yake kwan gaba kwan baya, yau ya yi dabarar da ta wuce kima, gobe ya yi wadda ba ta da dabara ko kaɗan.

Haka kuma ban gamsu da yadda aka shirya wa Manning rabin farko na wasan ba. Kwatabak ɗin da jikinsa ke rawa a babban fili, abin da ake yi masa shi ne a ba shi gajerun jifa masu sauƙi har hannunsa ya faɗa, a fitar da shi gefe inda rabin fili kawai zai karanta, a kuma bar shi ya yi gudun da ya bambanta shi da Ewers. An yi kaɗan daga wannan, amma a makare. Yaron da ya yi shekara biyu cur a Austin yana jiran layi a ƙarƙashin kocin da ake yi wa kirari da gwanin rainon majefa, idan ya fito ƙafafunsa a hargitse, to tambayar ba ta tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Akwai masu kwantar da hankali da cewa mako na farko ne kawai, kuma da tsarin ƙungiyoyi 12 na wasannin fitar da gwani rashin nasara ɗaya ba ya kashe kowa, tunda ita kanta Ohio State ta faɗi a hannun Oregon da Michigan a 2024 amma ta ɗauki kofi. Gaskiya ne, sai dai sun tsallake darasin da ke cikin labarin. Kocin Ohio State, Ryan Day, ya yi shekaru yana zaɓar dabarun hari da kansa yana alfahari da hakan, sai da ya sauke wannan nauyi ya miƙa wa Chip Kelly a 2024 sannan ya ci gasar ƙasa, kuma da Kelly ya tafi bai karɓe aikin ba, Brian Hartline ya ba. Sarkisian ya ga wannan da idonsa sau biyu cikin shekara ɗaya daga ɗaya gefen fili. Ban ce lallai ya saki takardar gaba ɗaya ba, ko da yake da ni ne da na yi tunani a kai, amma aƙalla ya samo wani da zai damƙa wa shirin yadi 10 na ƙarshe, mutumin da zai iya ce masa a'a.

A kakar 2025, wasanni uku masu zuwa bayan na Columbus, da San Jose State da UTEP da Sam Houston, duk a gida ne, kuma ba za su gaya wa kowa komai ba. Manning zai tara yadi, Texas za ta tara maki, masu sharhin da suka binne shi yau za su tono shi su ce ya farfaɗo, kuma jadawalin da ya sauko da ƙungiyar zuwa ta 7 zai fara ɗaga ta. Jarabawar tana Gainesville a gidan Florida ranar 4 ga Oktoba 2025, sai Oklahoma a Dallas mako guda bayan haka, sai Georgia a Athens a tsakiyar Nuwamba, ƙungiyar da ta doke Texas sau biyu a 2024. A ɗaya daga cikin waɗannan wasanni Texas za ta sake tsayawa a yadi 1 ko 2 daga layin ci tana buƙatar maki 7, kuma 'yan jaridar Austin su tanadi tambayoyinsu na ranar don Sarkisian.