Kirsimetin Gilasgo da Kirsimetin Wusasa

Wannan ce shekara ta shida da Kirsimeti ke riskata a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, kuma kowace shekara, da zarar an kunna fitilun ado a titin Buchanan cikin watan Nuwamba, sai tsohuwar muhawara ta farka a majami'ar da nake sujada. Wasu dattawa suna kukan cewa an ƙwace musu bikinsu, domin katunan gaisuwa da tallan kantuna sun daina ambaton haihuwar Almasihu, sun koma yi wa jama'a barka da hutu ko barka da lokacin sanyi. Wasu kuma, waɗanda ba su da yawa amma sun fi kafewa, cewa suke yi tun asali Littafi Mai Tsarki bai umarci kowa da wannan biki ba, don haka babu abin da aka ƙwace. Ni da na tashi a Wusasa ta Zariya, a inuwar majami'ar Saint Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu kafin in san inda na tsaya.

Tarihin ƙasar da nake zaune ne ya fara sauya mini tunani. Bayan gyaran addini na 1560, wanda ya raba ƙasar da Cocin Katolika, Ikilisiyar Sikotlan ta juya wa Kirsimeti baya saboda ba ta ga hujjarsa a cikin Nassi ba, kuma a 1640 majalisar dokokin ƙasar ta soke hutunsa. Majalisar Ingila ta bi sahu a 1647, har sai da sarauta ta dawo a 1660 aka mayar da bikin. A Masacuset ta Amurka ma, dokar 1659 ta sanya tarar sule biyar ga duk wanda aka kama yana shagalin ranar. Duk waɗanda suka kafa waɗannan dokoki Kiristoci ne masu tsananin riƙo da addini. A nan Sikotlan, ranar 25 ga Disamba ba ta zama ranar hutun ƙasa ba sai a 1958, kuma akwai tsofaffi a majami'armu da suke tuna iyayensu maza suna sammakon tafiya aikin ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Clyde ranar Kirsimeti, a zamanin da kujerun coci ke cika maƙil kowace Lahadi. Yau bikin ya mamaye wata guda cur, alhali ƙidayar 2022 ta nuna kashi 51.1 cikin ɗari na mutanen ƙasar sun ce ba su da addini, kuma ana ta sayar da tsofaffin gine-ginen coci ana mayar da su gidajen kwana da wuraren cin abinci. Bikin ya girma daidai lokacin da bangaskiya ke raguwa, saboda haka ban yarda cewa kalmomin da ke jikin tagar kanti su ne suka kawo ramar ikilisiya ba, ban kuma ga yadda gyara su zai mayar mata da ƙiba ba.

Masu ƙin bikin gaba ɗaya suna da hujjar da ba za a raina ba. Bisharar Luka ta ba da labarin makiyaya da komin dabbobi, amma ba ta faɗi rana ko wata ba, kuma shaida mafi daɗewa ta yin bikin ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum ta fito, wajen shekara ta 336. Masana sun rabu a kan dalilin zaɓen ranar: wasu sun danganta ta da bukukuwan sanyi na Rumawa, wasu kuma sun ce an ƙirga wata tara ne daga 25 ga Maris, ranar da ake tunawa da albishir ɗin mala'ika ga Maryamu. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ma sai 7 ga Janairu suke yin nasu. A Najeriya, Shaidun Jehobah ba sa yinsa, ikilisiyar Deeper Life kuma taron addu'a da nazarin Nassi take yi a waɗannan kwanaki. Bahaushe ba zai ji wannan gardama baƙuwa ba, domin ta yi kama da wadda 'yan'uwanmu Musulmi ke yi a kan Mauludi tsakanin 'yan Izala da mabiya ɗariƙu, inda wani ke neman nassin da ya yi umarni, wani kuma ke ganin tunawa da haihuwar wanda ake ƙauna ba ya bukatar sai an yi umarni. Ni ina tare da masu yin bikin, kuma madogarata ita ce sura ta 14 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda ya ce wani yana ɗaukaka wata rana, wani kuma duk ranaku ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa cewa domin Ubangiji yake yi.

Abin da ya bambanta gida da nan, a ganina, shi ne hannun da ke riƙe da bikin. A Wusasa ikilisiya ce ke riƙe da shi. Makonni kafin ranar, mawaƙa suna ta bitar waƙoƙi cikin sanyin hunturu, matan Zumunta suna shirya tasu waƙar, yara suna haddace ayoyi, kuma ranar da kanta da sujada take farawa kafin a buɗe tukunya. Bayan an taso, mu yara ake ɗora wa kwanukan shinkafa da miya da cincin mu kai gidajen maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma suke aiko mana da naman layya idan Babbar Sallah ta zo. Babu wanda ya taɓa tambayar ko ranar ta addini ce, domin Musulmin da ya ce mana barka da Kirsimeti ya san sarai haihuwar wa muke tunawa, ko da yake fahimtarsa game da Annabi Isa ta sha bamban da tamu. A Gilasgo kuwa kasuwa ce ke riƙe da bikin, kuma an rufe shi cikin gida: iyali su taru, su buɗe kyaututtuka, su ci talotalo, tituna su yi tsit, wanda ba shi da kowa ya wuni shi kaɗai alhali rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma.

Ba na cewa namu ya kuɓuta daga aibi. Na san gidajen da ake cin bashin ɗinki da na buhun shinkafa don gudun abin kunya, a shiga Janairu babu kuɗin makarantar yara, na kuma ga matasan da ke wuce sujada su nufi mashaya. Wannan ya fi damuna fiye da rubutun katin gaisuwa, domin daga cikinmu yake fitowa.

Na faɗi haka a taron majami'armu na watan jiya, wasu dattawa ba su ji daɗi ba, amma sun amince a buɗe zauren coci bayan sujadar safe ranar Kirsimeti domin duk wanda ba shi da wurin zuwa. Ni aka ba wa aikin dafa shinkafa ta mutum arba'in, kuma maƙwabcina, wani Musulmi ɗan Sudan da muke hira da Hausa, ya yi alkawarin ara mini babbar tukunyarsa.