Makarar yaro laifi ce, ta makaranta fa?

Raina a ɓace yake, kuma na san ba ni kaɗai ba ne cikin uwayen da ke da yara a kwaleji a garin nan na Maradi. Makaranta tana riƙe da rajista, tana rubuta kowane minti da yaro ya makara da kowace ranar da ya yi fashi, tana hukunta shi a kai. Awoyi da makonnin da ita kanta take cinye wa yaran nan kuwa babu mai rubutawa, babu mai tambaya. Ƙarshen shekara sai a zo a tambayi yaro karatun wata tara cif. An auna masa rabin tiya, ana neman ya biya kuɗin cikakkiya, in ya kasa a ce ba shi da ƙoƙari, a kore shi.

Ɗiyata tana katiriyam, wato aji na uku na kwaleji, ɗan ƙanena da aka kawo mini daga ƙauyenmu na wajen Madarunfa yana siziyam, wato ajin farko, duka a kwalejin gwamnati ɗaya. Dokar da aka karanta mana ranar taron uwaye a bayyane take. Ƙarfe takwas a ja ƙofa. Wanda ya makara ba ya shiga aji sai ya karɓo takarda wajen sarbeyan, mai kula da ɗabi'ar ɗalibai. Wanda ya yi fashi sai ya zo da ubansa ko da takardar likita. Fashi ya taru a zabge masa makin ɗabi'a. Wanda bai kai 10 bisa 20 ba a ƙarshen shekara ya maimaita aji, wanda ya faɗi ƙasa warwas ko ya riga ya maimaita a sallame shi. Mun ji, mun yarda. Ni ma ina son yarana su san darajar lokaci. A shagona na ɗinki, yaron da ya saba zuwa bayan hantsi ba ya daɗewa tare da ni.

To amma ku ji abin da dokar nan take yi in ta sauka ƙasa. Wata safiya famfon unguwarmu ya ɗauke, ɗiyata ta tsaya layin ruwa tun bayan sallar asuba don a samu na wanka da na koko. Ta iso makaranta an ja ƙofa da ƴan mintoci. Aka tsayar da su a waje ita da wasu, aka sa su tsintar leda a fili har awar farko ta wuce. Da ta shiga aji, me ta tarar? Babu malami. Mai lissafi bai zo ba, kuma dama tun farkon makon ba a gan shi ba. Suka zauna suna surutu har aka fita shan iska, mai Ingilishi ya zo ya yi awarsa, aka tashe su tun kafin azahar. Washegari aka aiko in zo.

Na rufe shago na je. Sarbeyan ya buɗe rajista ya nuna mini sunanta da jan bik. Na ce: "Mushe, na gani, ta makara, kuma zan yi mata faɗa. Amma awa biyun lissafin da ba a yi musu ba jiya, a wace rajista aka rubuta su?" Ya ɗago ya dube ni ya ce: "Malam, wannan ba aikina ba ne. Ni yara nake kula da su." Na ce to wa ke kula da wancan? Ya ce sai in ga darakta. Darakta kuma yana taro. Na dawo shago ina huci, allura ma ta ƙi shiga hannuna.

Abin haushin shi ne rajistar da nake tambaya tana nan. Kowane aji yana da babban kaye, wato littafin rubutu, da malami ke rubuta darasin da ya bayar da ranar da ya bayar, ya sa hannu. Duk wanda ya buɗe shi zai ga inda aka tsaya, zai ga makon da aka tsallake fari fat. Ba a taɓa ɗauko shi an ajiye gaban uwaye ba. Ranar taro abin da ake karanta mana shi ne sunayen yaran da suka fi fashi, da sunayen waɗanda ba su biya kuɗin COGES ba, wato kwamitin kula da makaranta.

Mu ƙirga yadda shekarar take tafiya, tunda su ba za su ƙirga ba. A takarda ana komawa lakwal farkon Oktoba. Ƴan siziyam kuwa, da yake su ne suka fi yawa kuma su ne ƙanana, su ake turawa azuzuwan zana, kuma ba a samun kara sai an gama girbin gero. Sai a jira uwaye su haɗa kuɗi, a jira a sayo zana da itace, a jira mai kafawa. Ɗan ƙanena bai zauna a aji na gaskiya ba sai da Nuwamba ta yi nisa. Kafin nan kullum zai sa tufafin makaranta ya tafi, a kira suna a ƙarƙashin bedi, ya dawo. Kiran sunan dai ba a taɓa fasa shi ba. A 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta har zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun rushe, wasu kuma mutanen da ruwa ya cinye wa gidaje ne a ciki. Ruwan sama ba laifin kowa ba ne, amma kusan wata guda ya tafi ke nan tun ba a ɗauki alli ba.

Daga nan sai yajin aiki. Malaman kwantaragi su ne ke riƙe da yawancin azuzuwa, kuma in kuɗinsu ya makara sai su ajiye alli. Ban ga laifinsu ba, mutum ba ya koyarwa da yunwa da bashin gidan haya a wuya. Su koma, sai ɗalibai manya su fito da nasu yajin, su bi makarantu da usur da duwatsu suna fitar da ƙanana daga aji. A irin ranakun nan yaro in ya tafi yana cikin haɗari, in ya zauna gida kuma yana tsoron a rubuta masa fashi. Sai bazara ta shigo, Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ajin kwano ya zama ba ya zaunuwa daga ƙarfe sha ɗaya. Iskar farkon damina ta zo ta kwashe zana, shekarar ƴan siziyam ta ƙare ke nan ko an gama ko ba a gama ba.

Kuma duk uban da ke garin nan gabansa na faɗuwa in an ce ajin zana. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta tashi a irin azuzuwan nan a wata makarantar firamare a nan Maradi, yara sama da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba uwayensu haƙuri. Bayan haka aka hana sa ƙananan yara na rukunin share fage a cikin zana. Ƴaƴanmu na kwaleji har gobe a ciki suke, kuma mu ake ce wa mu biya kuɗin kafa su.

Yanzu ga karatun kansa. Yaro ya fito daga firamaren ƙauye, da ƙyar yake haɗa jimla da Faransanci, sai a jefa shi siziyam inda kowane fanni da malaminsa: Faransanci, lissafi, Ingilishi, tarihi da labarin ƙasa, ilimin halittu, ga sauran. A ajin ɗan ƙanena sun haura tamanin, wasu a kan tebur uku-uku huɗu-huɗu, wasu a kan buhu a ƙasa. Littafi babu. Malami ya cika allo, su kwafa, ya goge, ya sake cikawa. Wani dare na ce ya kawo mini kayensa. Rubutu tsaf, kan darasi da jan bik, an ja layi da rula, babu ko ɗigon datti. Ya rufe kayen ya karanto mini shafi guda da ka, bai yi tuntuɓe ba. Na ce masa: "To ɗana, faɗa mini da Hausa, me wannan yake nufi?" Ya sunkuyar da kai ya yi shiru, hawaye suka cika masa ido. Darasin a kan sassan tsiro ne, saiwa da kara da ganye. Yaron da ya tashi a gona, wanda ya san gero da dawa da wake tun suna tsiro, an mayar da shi baƙo a kan abin da ya fi malaminsa sani. Wallahi daren nan ban yi barci da daɗi ba.

Tun watan Maris na 2025 sabon kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci harshen aiki ne. Mun yi murna. Amma a cikin ajin nan ban ga abin da ya canza ba. Ni ban ce a daina koyar da Faransanci ba, da shi za su rubuta jarrabawa. Minti biyar na bayani da harshen da yaro ke ji kafin a fara kwafa, shi ne ya gagara?

A kan haka kuma ake ce mana kowane yaro ya yi bita awa biyu kowane dare, uwaye su sa ido. Da wace fitila? A lokacin zafi wuta tana ɗaukewa daidai lokacin da yara za su buɗe kaye. Ku fita bakin kwalta bayan isha'i ku ga samari zaune ƙarƙashin fitilun titi masu aiki da hasken rana, kowa da kayensa a cinya, babura na tayar musu da ƙura. Yarinya ba ta da wannan damar, ba uban da zai bar ɗiyarsa ta kai dare a titi. Tawa da fitilar wayar uwarta take karatu, bayan ta gama wanke-wanke, har cajin ya mutu. Yaran ƙauye da ba su da mai riƙo a gari, waɗanda ke haɗuwa su kama ɗaki, su nasu ya fi muni: sai sun nemi abin da za su ci kafin su nemi abin da za su karanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar kur, wato darasin ƙari na kuɗi. Malamin da bai samu zuwa da safe ba, da yamma yana nan daram a wani gareji ko wata makarantar kuɗi, yana koyar da yaran ajinsa a kan jaka biyu ko uku kowane wata, fanni ɗaya. Babin da aka tsallake da safe a can ake yin sa. In ranar dabuwar, wato gwajin aji, ta zo, tambayoyin sai su fito kamar an tsaga kara da abin da aka yi a kur. Ɗan mai hali ya samu 15, ɗan mai tura baro ya samu 4, a rubuta masa "ba ya ƙoƙari" a takardar sakamako. Ɗiyata ta zo tana kuka ta ce: "Baba, duk waɗanda suka ci ƴan kur ne." Na biya, don ba yadda zan yi. Maƙwabcina mai yara uku a kwaleji bai iya ba. Wannan zalunci ne, kuma kowa a makarantar ya san ana yi.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wata madam mai koyar da Faransanci da ke tara yara ranar Asabar ba ta karɓar ko dala, Allah ya saka mata da alheri. A cikinmu uwaye ma akwai masu cire yaro daga aji ranar kasuwa don ya tsare musu rumfa, waɗannan a hukunta su ban ce komai ba. Amma su ana ganin laifinsu, ana rubutawa. Ɗaya ɓangaren ne aka rufe wa ido.

Sakamakon kuma ba ɓoyayye ba ne. A 2021, cikin duk yara biyar da suka zauna jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji a ƙasar nan, kusan ɗaya ne kawai ya ci. Waɗannan ma su ne suka kai turaziyam, ajin ƙarshe. Tarin da aka zubar a siziyam da sankiyam, ajin farko da na biyu, ba su cikin lissafin. Ina suke zuwa? Namiji ya hau kabu-kabu, ko ya zama ɗan tasha, ko ya bi mota zuwa Agadas neman zinariya yana da shekara goma sha huɗu. Mace kuwa kowa a jihar Maradi ya san inda ake kai ta: ɗakin miji. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun yarinya don a riƙe ta a makaranta har ta kai shekara 16. Da wane baki za mu je ƙauye mu ce wa uba ya haƙura da maganar aure, alhali makarantar da kanta ce ta miƙo masa takardar kora, a kan karatun da ba ta bayar ba?

Abin da nake nema ba ya bukatar kuɗin gina aji. Yaron da ya makara a bar shi ya shiga ya ji darasi, hukuncinsa ya jira lokacin shan iska, domin korar yaro daga awar karatu saboda ya rasa minti goma na karatu ba gyara ba ne. Ƙarshen kowane wata a liƙa a bango, kusa da sunayen masu fashi, awoyin da kowane aji ya rasa da dalilin rasa su. Kafin a yanke wa yaro hukuncin kora a buɗe babban kayen ajinsa a ga ko an koya masa abin da aka tambaye shi. Kuma a hana malami karɓar kuɗin kur daga yaran da shi ne zai ba su maki.

Uwayen unguwannin Zariya da Bagalam da Sabon Gari da Ali Ɗan Sofo, ku daina aiko yara da kuɗin COGES kuna zaune a gida. Ku zo taro na gaba da kanku. Ni zan miƙe in nemi a ɗauko kayen nan na katiriyam da na siziyam a buɗe su gaban kowa, shafi-shafi, daga Oktoba. In an ce ba huruminmu ba ne, na riga na fara rubuta takardar da za mu kai ofishin ilimi na jiha, kuma ina bukatar hannun uwaye da yawa a ƙasanta.