Darbejiyar Marwa da ƴar kwalbar Liyon

Shekaranjiya na shiga farmasi a nan Liyon ta ƙasar Faransa saboda farcen babban yatsana na ƙafa, ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa, takalmin aiki ne ya ja min, wuni guda ƙafa na rufe cikin zufa. Sai ga wasu ƴan kwalabe a jere, wai maganin shafawa ne, man ganyen wata bishiyar Ostareliya mai suna Melaleuca, mililita 10 kacal amma kuɗinsa ya yi cefanen gida a garinmu Marwa ta Kamaru. Wallahi sai da na yi dariya. Mu da darbejiya ta rufe titunan garinmu ba mai ɗaga kai ya kalle ta sai rana ta kwalle ana neman inuwa.

Ina yaro makero ya fito min a wuya, Inna ta kirɓa ganyen darbejiya a turmi ta yi ta shafa min safe da yamma har ya bushe, don haka ba mai ce min ganye ƙarya ne. Tafarnuwa ma in an daka ta tana fidda wani sinadari alisin mai kashe ƙwayar cutar, amma fa wuta ce, ƙanwata har yau da tabo a damtse don an ɗaure mata ita ta kwana da ita. To a nan ne Bature ya fi mu, ba wai ganyensa ya fi namu ba, awo ne kawai. Ɗigo kaza, a surka da wani mai, kar a sa wa jariri, duk a rubuce jikin kwalba. Mu kuwa sai a ce shafa dai har Allah Ya kawo sauƙi.

Amma maganar farce daban ce jama'a, cutar a ƙarƙashi take kwance, abin da ka shafa da ƙyar yake ratsawa. Likita ya rubuta min ƙwayar terbinafine ta wata 3, ya ce sai an duba hantata tukuna, kuma sabon farce zai kai shekara kafin ya gama fitowa. Makeron kan yara ma haka yake, a tushen gashi yake, sai an sha magani, to don me za mu bar yaro ana ta lafta masa ganye ƴan ajinsu na kwasa wajen aski da reza ɗaya?

Da na faɗa wa Inna a waya sai ta ce, wata uku kana haɗiyar ƙwaya a kan farce ɗaya ɗan nan? Wai in an samu mai tahowa za ta aiko min da lalle.